Idan matuƙi ya juya da jirgi saboda wari, kada ka zage shi

Mai karatu, ka ɗauka kana cikin jirgi daga Kano zuwa Jidda. An gama rabon abinci, ka jingina kai za ka ɗan runtsa, sai muryar kyaftin ta fito ta lasifika: an ji wani wari a ɗakin matuƙa, don haka za a sauka a filin jirgi mafi kusa. Kai dai ba ka ga wuta ba, ba ka ga hayaƙi ba. Jirgi ya sauka lafiya lau, makanikai suka shiga dube-dube, ku kuma kuka kwana a kan kujerun filin jirgi, otal ɗin da ka biya a Makka yana cin kuɗinsa a banza. Faɗi gaskiya, me za ka rubuta a Facebook a daren nan? Na san halinmu. Kafin asuba an tsine wa kamfanin, an ce matuƙin matsoraci ne, wani ma har rantsuwa zai yi cewa mai ne ya ƙare musu suka fake da wari.

Ina so kafin irin wannan rana ta zo maka, ka san abin da matuƙin ya sani wanda kai ba ka sani ba. Idan ka gama karantawa kana jin haushi, to haushin yana da inda ya kamata ya nufa, kuma ba ɗakin matuƙa ba ne.

Bari mu fara da abin da bai daɗe da faruwa ba. A ranar 23 ga Disamban 2024, wani jirgin kamfanin Swiss ƙirar Airbus A220 ya tashi daga Bukarest ta ƙasar Romaniya zuwa Zurich, da fasinja 74 da ma'aikata biyar. Suna sama inji ɗaya ya samu matsala, hayaƙi ya shiga ɗakin matuƙa da wurin fasinjoji. Matuƙan suka yi saukar gaggawa a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, aka fitar da kowa ta tsanin nan na roba da ake hurawa. Jirgin bai faɗi ba, bai ƙone ba. Amma ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin, saurayi ɗan shekara 23, sai asibiti aka wuce da shi, kuma bayan mako guda ya rasu. Shekara 23 fa. Sa'an da yawa daga masu karanta wannan shafi.

Mintuna nawa ake da su?

A ƙasa, idan ka ji ƙauri a ɗaki, sai ka buɗe ƙofa ka fita. A sama da ƙafa dubu 35 babu inda za ka fita. Duk abin da ke ci, tare za ku zauna da shi har ku taɓa ƙasa, kuma saukowa daga can sama zuwa titin jirgi kaɗai tana cin kusan minti ashirin ko fiye. Wannan shi ne lissafin da ke kan matuƙi da zarar hancinsa ya ji wani abu.

Darasin da ake koya wa matuƙa a kan wannan shi ne jirgin Swissair mai lamba 111. Ranar 2 ga Satumban 1998 ya tashi daga New York zuwa Janeba da mutum 229. Kusan awa ɗaya da tashi matuƙan suka ji wani baƙon wari, suka ɗan ga hayaƙi, da farko ma suka zaci daga na'urar sanyaya iska ne. Suka nemi sauka a Halifax ta ƙasar Kanada. Ashe wayoyin lantarki ne suka yi tartsatsi a saman rufin ɗakin matuƙa, wuta ta kama abin da aka lulluɓe jikin jirgin da shi ta ciki, tana ci a wurin da ido ba ya gani. Daga lokacin da suka fara jin warin zuwa lokacin da jirgin ya faɗa teku, minti 21 ne kacal. Babu wanda ya tsira. Masu bincike na Kanada sun ce ko da tun a minti na farko suka doshi Halifax, wutar ta riga su. Duk da haka wannan hatsari ne ya sa aka sake fasalin matakan da matuƙa ke bi: a fara shirin sauka tun da wuri, a riƙa neman tushen hayaƙin a kan hanya, kada a tsaya sai an tabbatar.

Sauka kanta ba ta isa ba idan aka yi sanyin jiki a ƙasa. A watan Agustan 1980 jirgin Saudia mai lamba 163 ya tashi daga Riyad zuwa Jidda, wuta ta tashi a rumbun kaya, matuƙin ya juya ya sauka lafiya a Riyad. Amma bai tsayar da jirgin nan take ba, ba a kashe injuna da wuri ba, ba a fitar da mutane ba. Kafin masu ceto su iya buɗe ƙofa an haura minti ashirin. Duka mutum 301 da ke ciki sun rasu, a jirgin da tayoyinsa ke kan ƙasa. Hayaƙi ne ya kashe su.

Sai kuma wanda ya taɓa gidajenmu. Ka tambayi iyayenka, musamman idan kai ɗan Sakkwato ne ko Zamfara ko Kebbi, labarin ranar 11 ga Yulin 1991. Jirgin alhazai ƙirar DC-8, na wani kamfanin Kanada mai suna Nationair da ke jigila da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska. Bincike ya nuna an san da haka, amma aka zaɓi kada a jinkirta tashi. Tayoyi suka fashe a kan titi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgi da wutar a jikinsu. Matuƙin ya yi ƙoƙarin komawa, bai kai ba. Mutum 261 suka rasu, mafi yawansu alhazanmu. Allah ya jiƙansu da rahama. Jinkirin da aka ƙi yi a ranar bai kai jinkirin da kai za ka zagi kamfani a kansa ba.

Iskar da kake shaƙa, daga ina take?

Duk waɗannan labaran wuta ne. Amma yawancin jiragen da ake karkatarwa yau saboda wari ko hazo, ba a samun wuta a cikinsu. To me ake ji? A nan ne maganar ta ɗauki wani salo, kuma mutane da yawa da suka sha hawa jirgi ba su taɓa jin ta ba.

A can sama iska ta yi siriri, ga sanyi da kan kai digiri 50 ƙasa da sifili. Ɗan Adam ba zai rayu da ita haka ba, dole a matse ta a ɗumama ta. A kusan dukkan manyan jiragen fasinja, injin ne ke wannan aiki. Injin jirgi yana zuƙo iska ya matse ta sosai kafin ya haɗa ta da mai ya ƙona. Daga wannan matsattsiyar iska, kafin ta isa wurin ƙonawa, ake ɗibar wani kaso, a sanyaya, a turo muku ciki. Idan jirgi yana ƙasa kuma, akwai wani ƙaramin inji a jelarsa, kamar janareta, shi ma yana ba da iska ta wannan hanya. Wato iskar da kake shaƙa a kujerarka ta ratsa ta cikin inji.

Muddin komai lafiya, babu damuwa. Amma inji yana da baƙin mai, kuma abin da ke raba man da iskar wasu zobban toshewa ne. Idan suka ci, ko makaniki ya cika mai ya wuce ƙa'ida, sai man ya tsiyaya cikin iska mai zafin gaske, ya zama tururi ko hayaƙi, ya biyo bututu. Haka ma man haidurolik, ko ruwan da ake fesa wa jirgi don narkar da ƙanƙara a ƙasashen sanyi. Ma'aikatan jirgi sun san warin, suna kwatanta shi da na tsohuwar safa mai datti. Man injin jirgi yana ɗauke da sinadarai, ciki har da wanda ake kira TCP, daga dangin sinadaran da aka san wasunsu suna taɓa jijiyoyi.

Za ka ce ai an ce jirage suna da matatar iska mai kyau, mun sha ji lokacin korona. Gaskiya ne. Kimanin rabin iskar cikin jirgi ana sake zagayo da ita ta wata matata mai kama ƙura da ƙwayoyin cuta. Amma wannan matata ta iskar da ta riga ta shigo ce. Wadda ke fitowa daga inji kai tsaye, a yawancin jirage ba ta bi ta cikinta kafin ta iso hancinka.

Abin ba tatsuniya ba ne. A Disamban 2010, matuƙan wani jirgin Germanwings ƙirar A319 suna gab da sauka a birnin Kolon na Jamus suka ji wani wari mai ƙarfi. Dukkansu biyu jiri ya ɗebe su, suka sa takunkumin oksijin, mataimakin ya kusa kasa aiki, kyaftin ya sauke jirgin da ƙyar. A 2023 kuma, sau biyu jiragen Southwest ƙirar Boeing 737 MAX suka zuƙi tsuntsu a inji jim kaɗan da tashi, ɗaya a Habana ta Kyuba a watan Maris, ɗaya a New Orleans a Disamba. A duka biyun mai ya kwarara cikin inji mai zafi, hayaƙi ya turnuƙe ciki. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta fitar da gargaɗin gaggawa a kan wannan nau'in inji a Yunin 2025. Sannan a Satumban shekarar jaridar Wall Street Journal ta wallafa binciken da ya nuna rahotannin irin wannan wari a jiragen Amurka sun ƙaru sosai cikin shekaru goma, kuma da yawansu a dangin Airbus A320 ne.

Inda ake gardama

Kada in ba ka gefe ɗaya. Kamfanonin ƙera jirage da hukumomi suna cewa iskar jirgi lafiyayya ce, kuma idan ka auna da miliyoyin jiragen da ke tashi duk shekara, waɗannan abubuwa ba su da yawa. Hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Tarayyar Turai ta fitar da wani nazari a 2017 da ya ce a tafiye-tafiyen da aka auna, iskar cikin jirgi ta yi daidai da ta ofisoshi da gidaje, ko ma ta fi. Babu mai musun cewa shaƙar hayaƙin mai yana sa ciwon kai da jiri da tashin zuciya nan take. Inda aka rabu shi ne a kan illa mai ɗorewa. Ƙungiyoyin matuƙa da na ma'aikatan jirgi sun daɗe suna cewa akwai membobinsu da suka kamu da mantuwa, rawar jiki da kasala, har suka bar aiki. Tun 1999 wasu masana suka raɗa wa wannan yanayi suna, amma har yau likitoci ba su haɗu a kan cewa cuta ce mai zaman kanta ba.

Ni abin da ya fi ɗaure mini kai ba gardamar ba ce, dalilin da ya sa ta ƙi ƙarewa ne. Jirgi yana da na'urar da ke gano hayaƙi a banɗaki, yana da ita a rumbun kaya. Amma a bututun da ke kawo iskar da kowa ke shaƙa, ba a wajabta sa na'urar da za ta nuna mai ya shiga ba. Hancin ma'aikata shi ne na'urar. Idan abu ya faru, kafin a sauka a zo da kayan awo iskar ta washe, sai a ce ba a ga komai ba. Nazarin da aka yi a jirage masu lafiya ba zai gaya maka abin da mutum ya shaƙa a jirgin da mai ya tsiyaya ba. Wanda ya ƙi aunawa, ta yaya zai ce babu hujja?

Kuma an san akwai wata hanyar. Boeing 787, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2011, ba ya ɗibar iskar fasinja daga inji. Yana zuƙo ta daga waje ta wasu ƙofofi na daban, na'urorin lantarki su matse ta. Sauya dubban jiragen da ke aiki yanzu zuwa wannan tsari ba abu ne mai yiwuwa ba, na yarda. Amma na'urar ganowa, da matata, da tilasta rubuta rahoton duk wari da aka ji, waɗannan magana ce ta kuɗi da niyya. Nan ne haushinka ya kamata ya nufa.

Kai fasinja wataƙila sau biyu ko uku kake hawa jirgi a shekara. Wanda abin ya fi shafa shi ne mai aiki a ciki kullum. Matasanmu nawa ke mafarkin shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, ko samun aikin kula da fasinja a kamfanonin Gabas ta Tsakiya? Idan kana cikinsu, wannan maganar lafiyar wurin aikinka ce, kamar yadda ƙurar siminti take ga lebura.

Wutar da ke aljihunka

Akwai ɓangare ɗaya da ba na kamfani ba ne, namu ne. Rashin wutar lantarki ya mai da fawa bank abokin tafiyar kowane matashi a ƙasar nan. Wasu biyu suke riƙewa, wasu suna da irin ƙaton nan mai kama da bulo, wanda aka saya a kasuwa ba sunan kamfani ba komai. Batirin litiyam idan ya lalace ko aka matse shi, zafi yake haifarwa da kansa, ya yi ta ƙaruwa har ya kama wuta, ga hayaƙi mai guba.

A Satumban 2010 wani jirgin dakon kaya na UPS ƙirar Boeing 747 ya tashi daga Dubai ɗauke da dubban irin waɗannan batura. Wuta ta tashi, hayaƙi ya cika ɗakin matuƙa har ba sa iya ganin agogunan da ke gabansu. Jirgin ya faɗi kusa da Dubai, matuƙan biyu suka rasu. A ranar 28 ga Janairun 2025 kuma, jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu yana shirin tashi wuta ta tashi a ma'ajiyar kaya ta saman kujeru. Mutum 176 suka fita da ransu, rufin jirgin ya ƙone, kuma masu bincike suka nuna yatsa ga wani fawa bank. Da jirgin ya riga ya tashi fa? Tun daga nan kamfanoni da dama suka tsaurara doka. Emirates, wanda 'yan kasuwarmu suka sani sosai, ya hana amfani da fawa bank a cikin jirgi daga 1 ga Oktoban 2025.

Ƙa'idar ba ta da wahala. Fawa bank ba ya shiga akwatin da za a auna a kai rumbu, a jakar hannu yake tafiya, kuma gara ya zauna inda idonka ke kansa. Duba jikinsa. Abin da bai wuce 100Wh ba ya halatta, daga nan zuwa 160Wh sai da izinin kamfani, sama da haka ba ya hawa. Mai 20,000mAh yana kama kusan 74Wh, ya wuce. Mai 30,000mAh ya haura ɗari. Mai 50,000mAh kuwa ka bar shi a gida. Wanda ya kumbura, ko ba rubutu a jikinsa, kada ma ka fara. Idan wayarka ta faɗa tsakanin kujeru, kada ka motsa kujerar, ka kira ma'aikaci, don ƙarfen kujera na iya murƙushe batirin.

Idan ranar ta zo

Ka ji ƙauri ko warin da bai yi maka ba? Ka faɗa wa ma'aikata nan take. Kada kunya ta hana ka, kada ka ce ai wani zai faɗa. Ruwa ba ya tsami banza, kuma kai da ke kujerar baya kana iya jin abin da matuƙi bai ji ba tukuna.

Kada ka tsaya jiran takunkumin nan mai ruwan ɗorawa ya faɗo. An yi shi ne don lokacin da iska ta zube daga jirgi, kuma yana haɗa oksijin da iskar cikin jirgin, don haka ba ya kare ka daga hayaƙi. Shi ya sa galibi ba a sakinsa a irin wannan hali. Ka sunkuya ƙasa, ka rufe hanci da baki da ƙyalle, jiƙaƙƙe idan akwai ruwa. Tun kana zama ka ƙirga layin kujeru nawa ne tsakaninka da ƙofa mafi kusa, ta gaba da ta baya, domin a cikin hayaƙi da hannu za ka lalube hanya.

Idan aka ce a fita, ka bar jakarka. Na san akwai fasfo a ciki, akwai dala, akwai tsarabar Hajiya. Kafin a amince da kowane babban jirgi, sai an gwada cewa za a iya kwashe mutanensa cikin daƙiƙa 90 da rabin ƙofofinsa. Wannan lissafi bai haɗa da mai tsayawa buɗe ma'ajiyar kaya ba, balle mai ɗaukar bidiyo. A ranar 2 ga Janairun 2024 jirgin Japan Airlines ya yi karo da wani ƙaramin jirgi a filin Haneda na Tokyo, ya kama wuta ya ƙone ƙurmus, amma duka mutum 379 da ke cikinsa suka fita da rai. Abin da aka fi yaba musu shi ne sun bi umarni sun bar kayansu.

Bayan an sauka, idan kana jin jiri ko ciwon kai ko numfashi yana yi maka wuya, ka ga likita a ranar, ka gaya masa abin da ka shaƙa, ka rubuta lambar jirgin da kwanan wata. Ka nemi haƙƙinka a wurin kamfani: bayani na gaskiya, abinci, masauki, jirgi na gaba. Idan suka yi maka wasa, hukumar NCAA tana da sashen karɓar koken fasinja. Wannan duk daidai ne, babu wanda ya ce ka yi shiru a wulaƙanta ka.

Amma shi wanda ya yanke shawarar sauka, ka ƙyale shi. Ya san kamfani zai yi asarar mai da kuɗin otal, ya san za a kira shi ya yi bayani, ya san mai yiwuwa makanikai su duba su ce tanda ce ta ɗumama abinci ta ƙona burodi. Duk da haka ya sauka, domin daga kujerarsa ba shi da hanyar bambance ƙaurin burodi da na wayar da ke ci a saman rufi. Mun yarda tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Sai dai su ma waɗanda suka bar jirgin Sakkwato ya tashi a 1991 suna da damar cewa a dakata, kuma da sun faɗa, alhazai za su yi ta mita a Jidda har dare.